Shanun Baba da Karatuna

Jiya da hantsi ina ɗaura wa Baba abin awon jini, sai maƙwabcinmu ya wuce da shanun huɗarsa. Baba ya bi su da kallo har suka sha kwana.

A da Baba na da irinsu biyu a nan Gubuchi, ya sayar don in yi karatun kiwon lafiya a Makarfi. Na gama tuni, amma har yau aikin sa kai nake yi a asibitin ƙauyenmu, babu albashi.

Na ce, "Baba, anya ba asara na jawo maka ba?"

Ya yi dariya har abin awon ya zame.

"Ke Hadiza, duk zamana da shanun nan, akwai wanda ya taɓa auna min jini? Ranar da jiri ya kayar da ni a gona, ke kika gane hawan jini ne. Ɗaura min da kyau."

Na ɗaura, hawaye na hana ni ganin lambobin.

Har yanzu ina neman aiki, amma zuciyata ta yi sauƙi. Ku fa, me aka sayar a gidanku don ku yi karatu?