Notin da Ilyasu Ya Ɗaure

In ka ji bakanike a Nyanya yana kwance ƙarƙashin mota yana zagin wani ba tare da ya kama suna ba, to da wuya in ba notin da Malam Ilyasu ya ɗaure yake fama da shi ba. Ba labari aka ba ni ba. Sunana Nicholas, mai walda ne ni, kuma shekara ashirin da ɗaya ke nan rumfata na jingine da tasa.

Ilyasu ya zo Abuja daga wani ƙauye a bayan Malumfashi, ba shi da komai sai ƙarfin ƙirji. Ya yi dakon siminti a Dei-Dei shekara uku, kafin wani Bayarabe mai gareji ya ga damtsensa ya ce asara ce a bar wa siminti wannan. Aikin farko da aka sakar masa shi kaɗai juyen baƙin mai ne. Ya zubar da tsohon mai, ya mayar da notin ƙasan inji, ya ɗura sabo. Motar ba ta kai Keffi ba notin ya faɗi, mai ya tsiyaye a titi, inji ya buga. Marin da ya sha a ranar, in ji shi, har yau yana jin sa in an yi sanyi.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga nan Ilyasu ya ƙulla gaba da kowane noti. Ba ya yarda da sifana ita kaɗai, sai ya zura ta cikin wani dogon fayif, ya dafe taya da ƙafa, ya ja har sai ƙarfe ya yi kuka. Yakan ce, "Ba dai a sake cewa notina ya faɗi ba." Gaskiyarsa, bai sake faɗuwa ba. Bai kuma sake fita ta daɗin rai ba.

Da, layi ake yi a rumfarsa. Yanzu samari masu na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta sun kwashe masu manyan motoci. Shi kuwa ya ce mota ba ta gaya wa kowa sirrinta sai kunnensa, kunnen da sai ka kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Aka bar shi da 'yan tasi biyu, sai Hajiya Fiddausi, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, wadda ta shekara tara tana ratso cunkoson Nyanya don ta kawo masa tsohuwar motarta. Ita ce abin tinƙahonsa. Kowa a garejinmu ya san duk ranar da ta daina zuwa, Ilyasu ya zama mai gadin rumfa.

Ni da shi kuwa mun shekara huɗu ko gaisuwa babu. A gaban mutane ya kira ni telan ƙarfe, ya ce sana'ata faci ce kawai. Ni kuma na ce notin da hannunsa ya kashe ya fi wanda tsatsa ta ci yawa. Ya ji haushi, na ji haushi, muka ci gaba da shan inuwar bishiya ɗaya kowa ya juya ƙeya.

Wata Asabar da safe Hajiya ta kawo mota a yi mata juye, za ta wuce walima a Gwagwalada da la'asar. Ilyasu ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi. Aikin minti ashirin. Bayan awa guda muna nan muna jin nishi. Sifana ta zame, ta sake zamewa. Ya kawo filaya, ita ma ta ci rabonta. Ya sa cizal da guduma. Ko da ya fito shan iska na leƙa ta gefen ido: kan notin ya cinye, ya mulmule kamar kan taɓarya, babu inda ƙarfe zai kama.

"Hajiya," ya ce yana haki, "wane jaki kika kai wa motar nan? Wannan ai ba ɗauri ba ne, mugunta ce."

"Baba Ilyasu," ta ce, "shekara tara babu hannun da ya taɓa wurin nan sai naka."

Garejin ya yi tsit, irin shirun da kowa ke danne dariya. Ni ban danne ba, wallahi na yi ta har da dafa ciki. Na shekara huɗu ina jiran wannan rana.

Hajiya ta duba agogo. "Baba, kar ka ga laifina. A ofis kullum sai an ce in koma babban gareji cikin gari, ni nake ƙi. In sha biyu ta yi bai fita ba, zan sa a ja ta can."

Ya koma ƙarƙashi, ya yi ta bugu ba dalili. Sha ɗaya da rabi sai na ga inuwa ta tsaya a bakin rumfata. Bai yi sallama ba, bai dube ni ba, tukunyar gas ɗina yake yi wa magana.

"Da akwai mai hankali a kusa, da ya liƙa wani noti a kan wancan."

"Tela kake nema?" na ce.

Ya juyo ya dube ni. "Nicholas, ita kaɗai ta rage mini."

Dariyar ta mutu a bakina. Na cire kan batir, na jawo wayar walda, na ɗora babban noti a kan mulmulallen, na ba shi wuta. Zafin walda kan sa abin da ya cije ya saki, kuma yanzu sifana ta samu wurin kamawa. Na matsa gefe na ba shi, don aikinsa ne.

Muna kwance kafaɗa da kafaɗa a kan kwali ɗaya, a nan na ga abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Hannunsa na dama rawa yake. Ya ja, ya ja, sifanar ko gezau. Ashe ba yau ya fara ba, shi ya sa ƙarfe ke zame masa yana cinye kan noti. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina. Na ce bari in duba ko waldar ta kama, na danna sifanar sau ɗaya, notin ya saki, na janye hannuna.

Ilyasu ya ƙarasa kwancewa, baƙin mai ya zubo. Ya fito ya ɗaga notin sama kamar wanda ya kashe zaki.

"Kin gani, Hajiya? Babban gareji! Da yanzu sun ce sai an sauke inji."

Ta yi dariya, ta ce ai ta san ba zai ba ta kunya ba. Ya sa sabon noti, ya ɗaure, ya ɗura mai, ya tafi wanke hannu yana ba 'yan tasi labarin yadda ya yi da shi. Sunana ko sau ɗaya bai fito ba.

Hajiya na amsa waya, sai na ce na manta safar hannuna a ƙarƙashi. Na shige, na taɓa sabon notin. Da yatsu biyu ya juya. Da ta hau titi haka, ko Lugbe ba za ta kai ba.

Na laluba sifana. Ina ɗora ta sai na ga ƙafafun Ilyasu tsaye a gefen taya. Ya durƙusa, muka haɗa ido. Na jira zagi.

Ya kalli hannuna a kan sifanar, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda Hajiya ba za ta ji ba.

"Kar ka matse da yawa, Nicholas. Ni zan kwance shi nan gaba."