Babban Yatsan Malama Jacinta

Malama Jacinta ba ta taɓa neman kujera ba, ko ta kansila. Abin da ta nema a siyasa bai wuce ta dangwala yatsa a takarda kamar kowa ba, kuma sai da ta yi shekara huɗu tana jira kafin ta samu.

A Kafanchan aka haife ta, a bayan layin dogo, inda mahaifinta ke gyaran taragai. Ta yi karatun koyarwa a Gidan Waya, ta auri Wilfred, manomin citta daga wani ƙauye a hanyar Nok, ta bi shi can. Shekara ashirin da shida tana koyar da aji uku a firamaren ƙauyen, a majami'a kuma ita ce magatakardar zumuntar mata. Da safe alli, da yamma wuƙa, domin matar manomin citta ba ta san hutu ba ko da tana da takardar shaida.

A can maza ke haƙa citta, mata ke tsagawa. Ana riƙe saiwar a hannu, a ja wuƙa har ta tsaya a kan babban yatsa, a jefa ɓarin a kan dutse ya bushe. Daga Nuwamba har cikin Fabrairu haka ake yi. Wuƙa na kankara, yaji na ci, kafin a gama zanen yatsa ya goge sumul kamar bayan cokali. Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan, sai ranar da aka zo da na'urar tantance masu zaɓe.

A harabar makarantarta aka yi zaɓen. Jacinta ta ba da kati, ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Ta goge a zane, ta sake, shiru. Jami'in ya ce akwai takardar da ake cikewa idan haka ta faru, amma 'yan kaɗan ɗin da ya zo da su sun ƙare tun hantsi, sai ta koma gefe ta jira. Ta je gindin mangwaro ta tarar da mata fiye da talatin a zaune, har da surukarta Mama Hellen mai shekara saba'in da ɗoriya. Maza kuwa in ka cire biyu ko uku, sai wucewa suke yi.

Da rana ta take, mazan da suka gama suka fara leƙo mangwaron suna tambayar abinci. Ɗaya bayan ɗaya matan suka kakkaɓe zane suka tafi hura wuta. Ita ma Jacinta ta tafi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ba wanda ya kore ta, da ƙafarta ta bar layi don ta tuƙa tuwo.

Ranar zumunta ta sa kowace ta buɗe tafin hannu a kan benci, ta bi su ɗaya ɗaya tana dubawa kamar tana duban farcen 'yan aji uku. Nan ta gane ba mugun nufi ba ne, ba kuma aikin Shaiɗan ba kamar yadda wasu ke cewa, citta ce. Ta rubuta sunayen waɗanda aka mayar a bayan littafin zumunta, ta ajiye.

Da zaɓe na gaba ya rage sati uku, ta tashi a taro bayan addu'ar buɗewa ta ce, "'Yan'uwa, daga yau babban yatsa zai tafi hutu. Kowa ta ajiye wuƙa, ta shafa man kaɗe safe da yamma. Wanda ba ta da shi ta zo gidana."

Aka yi dariya, amma aka bi. Mata suka riƙa yawo da yatsa a ɗaure da tsumma, maza na cewa zumuntar mata ta fito da sabon yunifom. Wilfred ya fi kowa tsiya. "Maman Endurance," in ji shi, yana kiran Jacinta da sunan ɗansu, "ƙuri'an ki ɗaya ne zai gyara hanyan Kafanchan?" Ta ce ba ta sani ba, amma nata ne.

Matsalar ita ce citta ba ta san zaɓe ba. In aka bar ta a jibge ruɓewa take yi, kuma akwai tsofaffi da gwauraye da ba su da mai taya su, cikinsu har da Mama Hellen. Su ba za su iya ajiye wuƙa ba. Sai Jacinta ta ce a kawo mata cittarsu ta tsaga. Kullum in ta taso daga makaranta takan zauna a gaban tulin cittar wasu har magariba. Ta gwada naɗa roba a yatsa, roba ta tsage a ranar farko, ta gwada da hagu ta yanki kanta. Daga ƙarshe ta ci gaba yadda ta saba, tana gaya wa kanta ai za ta huta kwana uku kafin ranar. Malamar da ta ba kowa sati uku ta ba kanta kwana uku.

Ranar zaɓe ta tsaya a ƙarshen layin mata tana kallo. Mama Hellen ta ɗora yatsa, na'ura ta yarda nan take, tsohuwa ta rangaɗa guɗa har jami'ai suka zabura. Haka aka yi ta wucewa. Da aka zo kan Jacinta, na'ura ta ƙi. Aka gwada sauran yatsun duka, ko ɗaya bai ci ba. Takardar cikewa kuma wannan karon ba a zo da ita ba sam, tana can ofishin mazaɓa. Jami'in ya ce, "Mama, ki tsaya gefe."

Ta je gindin mangwaro ta zauna ita kaɗai. Kunya ta ji, ba wani abu ba. Ta ɗaga hannu tana sallamar matan, ta ce su je, abin da aka zo yi an yi.

Mama Hellen ta dogara sandarta ta zo ta zauna kusa da ita. "'Yata, citta na ne ya cinye hannun ki. Ba na zuwa ko'ina." Sauran suka biyo, kowace da tawada a yatsa, suka cika inuwar. Ba su yi ihu ba, ba su zagi kowa ba, waƙoƙin zumunta kawai suka ɗauko tun daga na farko. Ƙarfe ɗaya ta yi, ƙarfe biyu ta yi, ko gida ɗaya ba a ga hayaƙi ba. Maza suka leƙo kamar wancan karon, suka koma yadda suka zo.

Wilfred ne ya fara gajiya. Ya tayar da mashin, ya ɗauki ɗaya daga cikin jami'an, suka nufi ofishin mazaɓa. Ko ƙauna ce ta kai shi ko yunwa, har yau ana gardama a ƙauyen, shi kuma bai taɓa ba da amsa ba.

Wajen la'asar suka dawo da takardar. Jacinta ta cike da rubutunta mai kyau na allo, aka ba ta takardar ƙuri'a, ta shiga bayan labule. Ita ce ta ƙarshe a rumfar. Ta tsoma yatsa a tawada ta danna, ta ɗaga ta duba: baƙin tabo ne kawai, babu zane ko ɗaya a ciki. Ta hura shi ya bushe kamar yadda take koya wa mata, ta ninke, ta jefa a akwati.

Da aka zo ƙirga, an ɗaga ƙuri'arta an ƙidaya ta tare da sauran. Sai bayan nan matan suka tashi suka tafi hura wuta.