Ɗakin da Baba Alhaji ke ƙailula

Har gobe ban manta da ranar da na gano abin da ke kashe mana sabar imel a Argungu ba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi sai ya sha labarin nan, ko yana so ko ba ya so. Lokacin ni ne jami'in kwamfuta na wani kamfanin casar shinkafa. Ofishina yana Birnin Kebbi, amma injinan casa da sabar duk suna Argungu. Ga wanda bai sani ba, saba babbar kwamfuta ce da ba a kashewa. Duk saƙon da dillalai suka aiko daga kudu ita ke karɓa ta rarraba wa masu shi. In ta tsaya, saƙonni su maƙale, manyan motoci su yi ta jira a bakin ƙofa ba a san wa za a fara loda wa ba.

Da bazara ta kankama sai ta tsiri mutuwa da kanta. Ba ta da rana tsayayyiya: ta yi yau, ta huta har mu manta, sannan ta yi sau biyu a jere. Abin da kawai na lura shi ne ba ta yi sai bayan azahar. A kira ni, in kamo hanyar Argungu, in danna mata maɓalli ta tashi garau kamar ba ita ba.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara da wuta. Na gwada batiran da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, lafiyarsu lau. Na buɗe cikinta na hure ƙurar dusa, na canza fanka ɗaya da ban yarda da ƙararta ba. Ita kanta sabar takan rubuta dalilin tsayawarta, kuma kullum cewa take zafi ya yi mata yawa. To amma ni duk zuwan da zan yi sai in tarar da ɗan ɗakin nan da sanyi kamar cikin randa, esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki. Har na fara zargin ma'aunin zafin cikinta ne ya taɓu. Gaskiya abin ya fi ba ni sha'awa fiye da haushi, don ni mutum ne da in abu ya ƙi ganuwa ko tuwo ba ya min daɗi.

Manajan wurin, Alhaji Umaru, shi ba sha'awa ta dame shi ba. Shi ke riƙe da makullin ɗakin, kuma tun farko na tambaye shi ko akwai mai shiga, ya ce babu kowa sai shi. Rannan ya ja ni gefe.

"Injiniya, ni na san mai laihi," in ji shi. "Bello na. Shi ka juya wuta zuwa janareta da rana. In ta sake mutuwa, sallamar shi za ni yi."

Malam Bello shi ne mai kula da janareta, dattijo ne ɗan Gulma, kullum a kan tsohon babur yake zuwa, ga iyali. Maganar ta riga ta kai kunnensa. Ya same ni a gindin mota ya ce, "Injiniya, wallahi ko ƙohwar ɗakin ga ban taɓa taɓawa ba. In anka kore ni, mi za ni ce ma yara?" Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na san ba wuta ba ce, amma sani ba tare da hujja ba ba ya hana a kori mutum.

Na roƙi manaja ya ɗaga ƙafa, na nemi izini daga Birnin Kebbi, na tare a Argungu. Na ɗauko benci na dasa a barandar da ke kallon ƙofar ɗakin. Kwanaki suka shuɗe sabar ko tari ba ta yi ba. Ma'aikata suka laƙaba min mai gadin saba, masu wucewa na tambayata ko ta farka lafiya.

Ran nan bayan an sallame azahar sai ga wata mota ta shigo, wurin ya ɗauki gaisuwa. Baba Alhaji ne, mahaifin mai kamfanin, tsohon masunci da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin gulbi. Ba shi da ranar zuwa, duk sanda ya ga dama yakan leƙo ya ga shinkafa. Bayan an zagaya da shi, ina zaune ina kallo, Alhaji Umaru da kansa ya ciro makulli ya buɗe ɗakin saba, ya shimfiɗa darduma da matashi, ya ɗauki rimot ya kashe esi. Baba ya shiga, aka ja masa ƙofa a hankali.

Na miƙe na bi manaja. Na ce, "Ranka ya daɗe, esin fa?"

"Sanyi na tada mishi ciwon gwiwa," ya ce. "Nan ɗai ad da shiru, babu ƙura, babu masu gaisuwa. In ya tashi ni ka maida shi da hannuna."

"Amma ka ce min ba mai shiga."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ai Baba na. Baba kau ba a ƙirga shi cikin masu shiga."

Na roƙe shi ya zauna kusa da ni a benci, na buɗe kwamfutata inda ake ganin zafin cikin sabar, muka zuba ido. Lamba ta yi ta hawa sannu a hankali. Daga cikin ɗaki muna jin minsharin Baba, ga janaretan Malam Bello na ta aikinsa bai ko tuntuɓe ba. Kafin la'asar allon ya tsaya cak, sabar ta mutu. Alhaji Umaru ya cire hula ya shafa kai.

Da Baba ya fito, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya ga fuskokinmu ya tambayi ko lafiya. Manaja ya shiga kame-kame, ni kuma na durƙusa na faɗa masa yadda abin yake, har da batun Malam Bello. Na zaci zai ji haushi. Sai ya koma bakin ƙofa ya leƙa sabar, ya ce, "Ashe abin ga ma zahi shika ji awa mutum?" Ya yi ta tambayata yadda take numfashi, ina nuna masa fankokin. Sannan ya ce a kira masa Bello.

Washegari aka gyara wa Baba wani ɗaki a bayan ofis, ni kuma na sa ƙararrawar da ke kiran wayata in zafi ya hau. Abin da na koya shi ne mutanenmu ba ƙarya suke mana ba in mun yi tambaya. Akwai abin da girmamawa ke sa ba sa ganinsa a matsayin abin faɗa, kuma na'ura ba ta san babba ba. Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin ma'aikata, in allo ya gama ba ku abin da ya sani, ku ɗauki benci ku je ku zauna.

A ranar da Baba ya sa a kira shi, Malam Bello ya zo hannunsa duk baƙin mai, yana ɓoye shi a bayansa, yana jiran ya ji an sallame shi. Baba ya miƙa hannu ya kamo hannun nan da nasa biyu a gaban kowa.

"Barcina ya so ya ci abincin ɗiyanka, ban sani ba," in ji shi. "Ka yahe mini."