Tafiya Kano Ba Saƙon Kowa

A garinmu Tudun Wada, in kana son ka san yawan danginka, ka ce gobe za ka Kano. Kafin la'asar mutanen da rabonka da su tun wata sallar za su yi ta sallama, kowa da ƙulli a hannu. Wannan ta ce ga daddawa a miƙa wa 'yarta a Kurna, wancan ya ce ga ɗan buhun shinkafa na ƙaninsa a Hotoro, ai kan hanya ne. Ni dai ban taɓa jin unguwar da ba kan hanya take ba a bakin mai ba da saƙo. Kuma ba a cewa a'a. Haka muka taso muka tarar, wanda ya kai maka yau kai za ka kai masa gobe, ni ma an sha kai mini.

'Ya'yana biyu ne suka tasa a lokacin da nake ba da labari. Babbar tana ajin ƙarshe a sakandare, ƙaninta yana biye da ita. Mun taɓa kai su Kano a wani hutu da sunan yawo. Abin da suka gani a tafiyar shi ne zaurukan mutane, da ƙeyar mai adaidaita sahu, da wasu zabin saƙo da suka yi ta ɓata wa yaron wando. Duk gidan da muka shiga sai an gaisa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an kawo ruwa, an rantse sai mun ci abinci, sannan a ɗauko wani saƙon a ba mu mu koma da shi. Dutsen Dala daga cikin adaidaita muka gan shi, mahaifinsu ya nuna da yatsa ya ce ga shi can. Yarinyar ta ce, "Abba, ai hangen Dala ba shiga birni ba ne." Muka yi dariya ni da shi. Ita ba ta yi ba, ta juya tana kallon titi.

Sana'ata gyaran shinkafa ce, in turara, in shanya, a kai inji. A shekarar kasuwa ta yi mini kyau, sai na ce a hutun bazara za mu koma Kano, kwana biyu, mu huɗu. Ina tsammanin za su yi tsalle. Yaron bai ɗago daga wayarsa ba. Ita kuwa tana tsintar wake a faranti, ta ce, "Umma, yawo ko aike?"

Maganar ta ƙona mini rai, don gaskiya ce. Yarinyar nan ta kusa gama makaranta, daga nan ko karatu ya ɗauke ta ko wani abin, ban san sau nawa ya rage mu zauna mu huɗu a mota ɗaya ba. Abin da ya fi damuna ma, na lura ta fara sauraron alkawarina kamar yadda ake sauraron mai tallan magani a kasuwa. Na ajiye muciyar da ke hannuna na ce, "Yawo. Ko allura ba zan ɗaukar wa kowa ba, ki riƙe wannan."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kai mu." Na san irin wannan "to" ɗin, ni na koya mata shi.

Amma daga ranar shiri ya kankama, kuma shirya tafiya da matasa aiki ne na mai dogon numfashi. Yaron ya ce gidan namun daji na yara ne, shi kasuwar waya zai je. Da ya ga 'yar'uwarsa ta shiga ɗaki, ya matso ya tambaye ni a hankali ko har yanzu akwai zaki a wurin. Ita tana son ta hau Dala da ƙafarta, ta shiga kasuwar Kurmi, ta ga marina, ta kuma hau matakalar nan mai tafiya da kanta a babban kanti. Ya ce mata baƙauyiya, ta ce masa shi da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba sai riƙe da zabi. Mahaifinsu ya ce shi a bar shi ya yi Juma'a a babban masallaci, ya ci gurasa da tsire, ya gama. Yarinyar ce ta nemo mana masaukin baƙi a waya, mai ɗaki biyu, don na ce ba za mu sauka gidan kowa ba. Wanda ya sauka gidan dangi yawonsa ya ƙare a tabarmar gaisuwa.

Maigida ya kawo shawara mu yi shiru, mu sulale da safe, in mun dawo a ji. Na ce ban yarda ba. Sata za mu je da za mu ɓoye? Kuma wa yake tafiya bai yi wa magabatansa sallama ba? Na ce a faɗa wa kowa, sannan kowa ya ji cewa ba ma ɗaukar saƙo.

Ya ce, "Ke kin san abin da kike shirin jawo mana kuwa?"

Na ce, "Na sani, Malam. Kai dai duk wanda ya zo ka turo mini shi."

Maƙwabciyata ce ta fara shigowa, da ƙullin daddawa da na kuɓewa busasshiya. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma, ta ce ta ji za mu birni, ga ɗan abin nan na 'yarta. Na ce, "Ki yi haƙuri, wannan karon ba ma ɗaukar saƙo. Yara za mu kai su ga gari."

Ta ce, "Wani ne ba lafiya?"

Na ce lafiya ƙalau.

"Biki ne?"

Na ce babu biki, babu suna, babu ta'aziyya, yawo ne kawai. Ta yi mini kallon wadda rana ta taɓa wa kai, ta ɗaure ƙullinta ta ce Allah ya tsare, ta fita ba ta sha ruwan da na kawo ba. Da na ga ƙasa ba ta tsage ba, sai na biyu ya zo mini da sauƙi, na uku ma har da murmushina. Kafin kwana biyu labari ya kai bakin rijiya da gindin inji cewa matar wane ta yi kuɗin shinkafa, ta fi ƙarfin zumunci. Na ce su faɗa, bakinsu ne.

Gwaggon maigida ba ta tsaya tambaya ba. Ita ce babba a gidansu, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma ba ta saba a mayar mata da magana ba. Sai ga ɗan acaɓa ya sauke buhun shinkafa a zaurenmu, da galan na man gyaɗa, ya ce in ji Gwaggo a kai wa ɗanta a Rijiyar Zaki. Na fito na tarar maigida tsaye a kan buhun yana sosa ƙeya. Ya ce wannan kam ba yadda za mu yi. Na ce akwai yadda za mu yi, ya kai tasha ya ba direba, ya kira ɗan nata ya je ya karɓa, ai haka 'yan kasuwa suke yi kullum.

Ya yi hakan, don mutum ne mai son zaman lafiya, kuma a gidan nan ni ce na fi kusa da kunnensa. Washegari Gwaggo ta zo da kanta, da sandarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile.

Ta ce, "Ni za a kai wa kayana tasha kamar na baƙo? Shinkafar ce ba su da ita a Kano? Cewa na yi ku je ku ga yaron, ku ga matarsa da 'ya'yansa, ku dawo ku faɗa mini yadda suke. Zumunta a ƙafa take, in ba a koya miki a gidanku ba."

Kaina a sunkuye na ce, "An koya mini, Gwaggo. Duk ranar da kika ce in je in gano miki su, zan je. Amma wannan tafiyar na riga na ba yara."

Ta ce, "Yara! Yau kuma yara ake ba tafiya? Mu da muka yi tamu ƙuruciyar wa ya kai mu kallon gari?"

Amsar da ke bakina ba ta faɗuwa a gaban babba. A raina dai na ce shi ya sa zan kai nawa. Ta tashi tana cewa duniya ta zo ƙarshe, maigida ya bi ta da ban haƙuri har ƙofar gida. Da na juyo na hangi labulen ɗakin yarinyar yana motsi. Da yamma ta fito da kayan da za ta sa ta goge su, tana 'yar waƙa. Ranar ce na ga ta yarda za mu je.

Na ɗauka na gama da mai wuya. Ranar tafiya muka isa tasha da hantsi, kowa da 'yar jakarsa, ba buhu, ba kwando, ba kaza. Har mai lodi ya tambaya ina kayanmu, na ce ga su a kafaɗa. Mun shiga mota ke nan muna jiran ta cika, na hango mahaifiyata tana tahowa a hankali, tana ɗingisa ƙafar da ke damunta. Na je mata sallama tun jiya, ta sa mana albarka, ba ta kawo maganar saƙo ba. Na sauko da sauri na tare ta.

Ta zaro wani ɗan ƙulli daga cikin hijabinta, bai fi cikin tafin hannu ba. Garin kuka ne, wanda ta daka da kanta. Ta ce, "Na ji an ce ba kya ɗaukar saƙo. Wannan ai ba kaya ba ne. Ki miƙa wa Iyarku a Bachirawa, ki ce ina gaishe ta."

Iya ƙanwarta ce, su biyu suka rage a ɗakinsu. Na san gidan Iya sarai. Wanda ya shiga da safe ba ya fita sai bayan la'asar, sai an dafa, an ci, an kira maƙwabta sun ga baƙi, ta yi kukan tuna mutanen da. Rabin tafiyarmu ke nan. Kuma in na karɓa, kafin motar nan ta bar gari Gwaggo ta ji cewa na mayar da nata na ɗauki na uwata. Duk wannan lissafin mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne hannun Inna a miƙe, ga jijiyoyi sun fito, ga mutanen tasha suna kallo.

Na durƙusa a ƙasar tashar, na ce, "Inna, ki yafe mini. Sati mai zuwa zan koma ni kaɗai in kai mata, in wuni a wurinta. Amma yau ba zan karɓa ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta mayar da ƙullin cikin hijabi ta ce, "Ba sai kin wahala ba." Ta taka zuwa tagar mota, ta shafa kan yaron, ta riƙe hannun yarinyar ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta amsa gaisuwar surukinta da fara'a. Ni ta wuce ni kamar ba ta ga mutum a wurin ba. Na tashi na kakkaɓe gwiwata na shiga mota, idona ya cika, ina jin kunya da baƙin ciki kamar in nutse.

Mota ta cika, direba ya tayar. Ta tagar ina ganin bayan Inna, ba ta yi nisa ba, don ba ta da sauri. Sai yarinyar ta taɓa ni, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Umma, bari in sauka in karɓo. Ba komai, gidan Iya ma ai Kano ne. Wani lokacin ma je sauran wuraren."

Har ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofa. Na dubi fuskarta, ta shirya ta tsaf, har da ɗan murmushin nan na haƙuri, irin wanda nake gani a fuskar kowace mace a garinmu in ta bar abin da take so. Yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba, ta riga ta iya. Wani irin fushi ya taso mini, ba da ita ba, ba da Inna ba, ban ma san da wa ba. Na damƙe hannunta na mayar kan cinyarta.

Na ce, "Akwai komai. Zauna."

Direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, akwai mai sauka ne?"

Hawaye na zuba, na ce, "Babu. Ja mu tafi."