Kawu Ilu da Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Duk wanda ya san Kawu Ilu, tsohon mushen lekwal ɗinmu na Dakoro, wato malamin makarantarmu, ya san ba a faɗin lamba a gabansa a wuce lafiya. Ka ce tumakinka sha biyu, sai ya taɓe baki: "Raguwa! Biyu ta raba ta, uku ta raba ta." Ka ce sha uku kuwa, har hula yake cirewa, don ba mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

Da ya yi ritaya ya ɗauko wata jibgegiyar lamba. Wai ka ɗauki ƙwayar hatsi guda, ka ninka sau talatin da ɗaya, ka cire ƙwaya ɗaya: miliyar biyu, wato miliyan dubu biyu, da ɗoriya! Ya karanta cewa ba ta rabuwa, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Dole sai ya gwada ta da duk lambobin da ba sa rabuwa, har zuwa dubu arba'in da shida da 'yan kai. Matsalar ita ce idon nasa yana dushewa kowace shekara.

Kaye, littafin rubutu? Ina! A takardar buhun siminti yake rubutu. Rannan akuyar matarsa Inna Hadiza ta cinye masa aikin wata uku. Inna ta ce a kai ja'ira kasuwa.

"A sai da wa? Duk garin ga ita ɗai ta ɗanɗana aikina!"

Ni kuma na zo da iyayi, na miƙa masa portabul, wayata ta hannu. "Kawu, wannan cikin ƙiftawar ido zai ba ka amsa."

"Kai ɗan nan, in na aike ka Maradi ka ci tuwo, ni ka ƙoshi?"

Shekarar ƙarshe ko alif bai gani. Nakan rufe shagon ɗinkina da la'asar kullum, ina karanto masa, yana rabawa da ka, ina rubutawa. Wallahi tsoro nake ji, kada wata ta raba ta a banza bayan wahalar nan, kada kuma ya tafi bai kai ba.

Wata Laraba muka iso lamba ta ƙarshe. Ya daɗe leɓensa na motsi.

"Da saura?" na tambaya.

"Da saura. Ita ma ba ta raba ta ba."

Na zaci zai yi ihu. Sai ga hawaye na bin gemunsa. "Dubi, baiwar Allah ce hwa, halitta kamar mu. Dubbai sun zo mata, ba wadda ta iya da ita. To ina ga Wanda ya yi ta?"

Ni da na faɗi lissafi sau biyu, ranar tsigar jikina ta tashi.

Bai kai ga girbi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa idanun nan ya ga abin da ya fi wannan.