Kaset Ɗin da Babu Zare a Cikinsa

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi kaina sauri. Ko makarantar boko ban daɗe ba malamin ya ce wa mahaifina ya mayar da ni gona, wai can surutuna zai yi amfani wajen korar tsuntsu. Amma wautar da ta kusa halaka ni ba ta ƙuruciya ba ce. Da furfurata na yi ta, kuma ina dariya.

A shekarun da mai ya yi tsada, mutanen daji suka addabi hanyoyinmu, ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Batsari da Safana. In an kwana lafiya nakan leƙa Wagini ko Karare in kwaso 'yan kasuwa. Motar ta girmi ɗana na fari. An canza mata inji, an canza ƙofa, fentin ma ba nata ba ne. Abu guda da ta fito da shi daga kamfani kuma yake nan shi ne rediyonta mai cin kaset. Sai dai kaset ya ƙare a duniya. Na ƙarshe da ya rage mani, na wani wa'azi, rediyon ya tauna shi har muryar malamin ta koma ta mai mura.

Wanda bai bi hanyar nan a lokacin ba ba zai san abin da shiru ke yi wa mota ba. Kowa idonsa na daji. Akuya ta motsa a bayan kalgo, sai ka ji an fara salati. Yaran direbobi kuwa suna sa karatu ko waƙa daga wayoyinsu, fasinja na zaɓar motocinsu. Ni sai tari na da ƙarar shokoba.

Aka kwatanta mani wani mai gyaran rediyo a bayan kasuwar Batsari. Ba ɗan garin ba ne, gudu ya kawo shi daga yamma da iyalinsa. Tun gaisuwarmu ban yarda da shi ba. Mutum ne mai kallon ƙasa, ga yawan tambaya.

“Baba, yaushe kake tashi da safe? In ka je Safana kwana kake ko dawowa?”

“Rediyo na kawo maka ko tarihina?” na ce mashi.

“So nake in san lokacin da motar za ta zauna mani.”

Na tsaya a kansa har ya gama. Ya zaro rediyon, ya buɗe cikinsa, ya nemo inda sauti ke fitowa daga kan kaset, ya liƙa wata 'yar igiya baƙa da dalma, ya fito da bakinta ta wurin zuba tokar taba. Sannan ya ɗauki tsohon kaset ɗina, ya kwance shi, ya zare zaren gaba ɗaya, ya mayar da ƙoƙon ya ɗaure.

“Rediyon nan ba ya buɗe baki sai ya ji kaset na juyawa,” in ji shi. “To wayo za mu yi mashi. Ka tura wannan fanko, ka soka igiyar a wayarka.”

Na tura, na soka. Sai ga karatu ya cika motar tangaram, har ƙofar baya da na ɗauka ta kurmance. Ranar na zagaya tasha da gilashi a sauke kamar sabon ango.

Akwai wani Alhaji ɗan Karare mai sayen wake da gyaɗa. Mun daɗe tare, kujerar gaba tasa ce, kuma tsakaninmu ba a rasa tsiya. Ya shigo ya ƙura wa rediyon ido.

“Kai tsohon banza, ga kaset na juyawa, ga igiya ta shiga waya. Wane sihiri ne kuma wannan?”

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma tun daga tasha ake mitar kuɗin mota, kunnena ya gaji.

“Ɗaukar magana yake, Alhaji,” na ce. “Duk wanda ya zage ni a motar nan, yana ciki. In na koma gida in saurara.”

Aka yi dariya. Ni na fi kowa. Abin da ban lura ba shi ne, duk sa'o'ina sun san kaset da ɗaukar murya. Da shi muke aika gaisuwa ga 'yan'uwa a Makka da kudu, a zauna a tsakar gida kowa ya yi magana a ciki. Wata tsohuwa a kujerar baya ba ta yi dariya ba, na hango ta a madubi tana gyara lulluɓi. Ni kuwa wasan ya yi mani daɗi, na maimaita shi a tasha, na maimaita wurin mai shayi.

Mai gyaran bai faɗa mani wani abu ba, ko ya faɗa ina can ina zarginsa ban ji ba: in aka kira ka igiyar na jiki, muryar mai kiran ta sifikun mota take fitowa.

Wata ranar kasuwa mun baro Safana, mun shiga daidai inda daji ya matse hanya, karatun ya yanke. Na taɓa wayar. Sai murya ta cika motar, ƙatuwa, kamar daga sama:

“Kun taso? Kun kawo ina? Alhajin Karare yana ciki?”

Surukina ne na Wagini, mijin 'yata. Wake gare shi yana so Alhaji ya saya. Da na amsa mashi a gaban kowa da an wuce wurin. Amma na ga idon Alhaji, sai na fizge igiyar na kashe wayar. Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, ƙiris, ƙiris, kowa na ji.

“Surukina ne,” na ce.

Mun iso Batsari lafiya. Alhaji ya sauka bai zage ni ba, a nan na san abin ya ɓaci.

Cikin makon aka tare wata mota, ba tawa ba, kusa da wurin nan. Daga nan sai motata ta yini a layi babu kowa. Ɗan kamasho ya riƙa kiran Safana yana nuna motar bayana. A masallaci na ga an bar tazara tsakanina da na kusa da ni. Mai ɗakina ta dawo daga gidan suna da wuri, ta ce, “Malam, me ka yi? Ina shiga aka yi tsit.” Da yamma 'yan sa-kai suka zo suka zagaya motar, ɗaya ya leƙa ta gilashi, ba su gaishe ni ba. Ba wanda ya furta kalmar a gabana, amma na san ta: infoma. A shekarun nan wanda aka liƙa wa ita ba kullum ake ba shi damar bayani ba.

Kun san abin da na yi? Maimakon in tuhumi bakina, sai na tuhumi mai gyara. Na ce ai shi ne, shi ya tambayi lokacin tashina, wa ya san abin da ya dasa mani a ciki. Na je rumfarsa na ci kwalarsa a gaban mutane.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Baba, sake ni. Irin kallon da ake maka yau, tun da na zo garin nan shi nake sha. Mu je tasha.”

Shugaban tasha ya tara direbobi da 'yan sa-kai a ƙarƙashin rumfa. Mai gyaran ya kwance kaset ɗin ya ɗaga shi sama, ana hango rana ta cikinsa. Ya ce igiyar shigo da sauti kawai take, ba ta fita da shi, wanda bai yarda ba ya kawo wayarsa a gwada. Aka gwada. Surukina ya zo a kan babur daga Wagini da waken a ƙulle a leda, yana rantsuwa har yana kuka. Wasu suka gyaɗa kai. Wasu kuma suka kalli mai gyaran, suka kalle ni, kamar masu cewa bakinmu ɗaya.

Sai zuciya ta ɗebe ni, ga kuma son a gani. Na zaro wuƙa na datse igiyar daga gindi, na jefa ta kan kwanon rumfa, na taka kaset ɗin da takalmi. “To ga ta nan!” na ce. “Kowa ya huta!” Na ga mai gyaran ya runtse ido ya girgiza kai. Na ɗauka aikinsa yake jin tausayi.

Fasinja sun dawo, amma ba duka ba, kuma a hankali. Motar ta koma shirunta na da, har ta fi, don yanzu ko mitar kuɗin mota ba a yi a gabana. Wallahi na yi kewar zagi.

Alhaji sai bayan kaka ya sake shiga motata, ranar da babu wata a layi. Ya zauna a kujerarsa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, iyali, gajiya, amfanin gona, irin wadda ake yi wa baƙo. Mun yi nisa ya sa yatsa ya taɓa guntun igiyar da ya rage a wurin tokar taba, ya juya shi.

“Direba,” ya ce, bai kalle ni ba, “ni fa ranar da aka buɗe kaset ɗin na yarda da kai. To in babu komai a jikinta, don me ka yanke ta?”