Larabar Malama Halima

Duk wanda ya yi firamare a makarantar gwamnatin nan ta unguwar Ɗan Iya cikin shekara talatin da suka wuce ya san Malama Halimatussa'adiyya, ko da yake babu yaron da ya taɓa kai ƙarshen sunan. Malama Halima ake ce mata. Bafulatana ce siririya, mai saurin tafiya da saurin faɗa. A ruga aka haife ta, tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya sayar da rabin shanunsa ya tare a cikin garin Bauchi. Abin da ta taho da shi daga ruga shi ne ɗinkin faifai, wanda ta koya wurin mahaifiyarta tun ba ta san hanyar makaranta ba.

Aji biyar take riƙewa, tana koyar da komai da komai kamar kowane malamin firamare. Amma ranta yana ga Laraba, bayan an dawo tara, lokacin aikin hannu. A da can, ranar nan makaranta sai ka ce kasuwa. Maza na gindin darbejiya suna tufka igiya da ɗaure tsintsiya, mata sun baje da kaba da basilla, hannuwa jawur da rini. Wani ya kwaɓa yumɓu ya gina bijimi mai ƙafa uku, ya kuma rantse huɗu ya yi masa. Malama na zagawa tana tsiya: "Ke, wannan faifai ne ko malafar kakanki?" Tana kewar zamanin nan ƙwarai, ba ta kuma ɓoyewa.

Sannu a hankali abin ya ja baya. Awa biyu ta koma ɗaya. Iyaye suka daina sayen kaba, wasu ma cewa suke ba ɗinki suka turo yaro ya koya ba, likita suke so. Ita dai ba ta fasa ba. A gida ma tana ɗinka nata, in sun taru ta ba wani mai rumfa a kasuwar Muda Lawal ya sayar mata.

Bara aka kawo sabon hedimasta, Malam Abdulbaqi, wanda shi ma ta koyar da shi. Har yau tana tuna tsintsiyarsa da ta warware tun kafin ya kai ta gaban aji. Ya kira ta ofis, ya miƙe ya ba ta kujera.

"Mama, yaranmu sun sha ƙasa a lissafi da kimiyya a jarrabawar shiga sakandare. Ina so in ba lissafi awar nan ta Laraba."

Ba ƙarya ya yi ba, ita ma ta ga sakamakon. Amma ta ce, "Abdulbaqi, kai ka ci lissafi, Allah ya yi maka albarka. Wanda bai ci ba fa? Ya fita da hannu biyu ba su san komai ba?"

Suka yi ta ja, har ya sassauto. Ya ce ƙarshen zango jami'an ilimi za su zo, kowane yaro ya kawo abin da ya yi da hannunsa a baje musu. In sun gamsu, Laraba tata ce.

Malama ta ɗaura ɗamara. Sai dai awa guda a mako ba ta gama faifai, don haka ta ce su ƙarasa a gida, ta kuma tsorata su da cewa wanda ya zo hannu rabbana sifili ne makinsa. A nan ta yi kuskure.

Ranar baje koli tebur uku suka cika. Tun daga bakin ƙofa ta san da walakin, don fayafayen sun yi kyau fiye da kima. Ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa. Ga zanen ja da baƙi irin na mahaifiyarta, ga yadda take ɓoye bakin kaba a ciki. Nata ne. Na biyu ma nata, na uku ma haka. Iyaye sun ji ana maganar sifili, sun bi ta Muda Lawal sun huta. Tsintsiyoyin ma da ɗaurin robarsu na kasuwa suka zo. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Malam Abdulbaqi kuwa baki har kunne. "Mama, na sara miki! Ashe haka yaran nan suka ƙware?" Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan faifai karkatacce, ko baki ba a rufe masa ba, aikin wata yarinya mai suna Salma. Ya lallaɓa ya tura shi ƙarƙashin tebur don kada ya ɓata musu tsari.

Baƙi suka zo, suka yaba. Babbansu har ya ce darasi irin wannan bai kamata a taɓa shi ba. Shiru kawai ake nema daga Malama, ta kuma san haka sarai. Sai ta sunkuya ta jawo karkataccen faifan, ta aza shi saman sauran.

"Ranku ya daɗe, wannan kaɗai ne aikin yaro a nan. Waɗancan fayafayen ni na ɗinka su, a kasuwa aka sayo."

Bayan baƙi sun tafi, hedimasta ya same ta, ransa a ɓace.

"Haba Mama, da kin yi shiru ai da shi ke nan."

"Da na yi shiru, me kuma zan koya musu ranar Laraba?"

Sabon zango ya kama, aka liƙa sabon jadawali a ofis, an ba lissafi awar aikin hannu. Salma ba ta san da wannan ba. Larabar farko, da aka dawo tara, ta buɗe jaka ta fito da faifanta da ƙullin kaba da ta jiƙa tun a gida, ta ɗaga hannu.

"Malama, yau za ki nuna mini yadda ake rufe bakin?"

Tunda Malama Halima ta fara koyarwa ba ta taɓa jin ɗacin wata tambaya kamar wannan ba.

"Mayar da shi jaka, 'yata. Fito da littafin lissafi."

Ta juya ta fuskanci allo don kada yara su ga idonta, ta fara rubuta kwanan wata.